Ana kirana direban motar gawa, gwiwata ta yi sanyi

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da iyali baki ɗaya.

Ni saurayi ne ɗan shekara 23, ina shekara ta biyu a karatun difiloma na faramedik, wato masu ba da agajin lafiya na gaggawa a wurin haɗari da cikin motar asibiti. Da kaina na zaɓi karatun, babu wanda ya tura ni. Lokacin da na fara, ko barci ba na iya yi don ɗoki. Yanzu kuwa da ƙyar nake buɗe littafi.

Na faɗi jarrabawar sanin sassan jikin ɗan Adam, sai na sake zama. A unguwa abokaina suna kirana direban motar gawa. Mahaifina, wanda da kuɗin shagonsa ake biyan makarantar, ya tambaye ni sau uku: "Wai in ka gama, likita za ka zama ko nas?" In na ce ba ko ɗaya, sai ya yi shiru. Abokina da muka gama sakandare tare ya shiga makarantar nas, kowa ya san inda ya dosa. Mu kuwa waɗanda suka gama kafin mu, da yawansu suna zaune a gida.

Abin da ya fi damuna shi ne, wata biyu da suka wuce muna aikin koyo a sashen gaggawa na wani asibiti, aka kawo yaro sa'an ƙanena a Keke Napep, mota ta kaɗe shi. An yi kusan awa guda kafin a iso da shi. Ni aka sa na riƙa danna ƙirjinsa, muna karɓa-karɓa da wani ɗan ajinmu, har likita ya ce mu bari. Tun ranar, in na rufe ido fuskarsa nake gani. Ban gaya wa kowa ba.

Hajiya, na san kin daɗe kina aikin asibiti. Ta yaya zan dawo da ƙwazona? Ko dai alama ce ta cewa wannan ba hanyata ba ce?

Ɗanki, daga Jihar Katsina

*

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya jiƙan yaron nan, ya sa mai ceto ne, ya ba iyayensa dangana. Kai kuma Allah ya ba ka ladan hannun da ka sa a ƙirjinsa.

Ka ajiye maganarsa a ƙarshen wasiƙarka, ni kuwa da ita zan fara, domin ina zaton ita ce ta danne sauran. Jarrabawa da tsokanar abokai da shirun mahaifinka, duk kana ɗauke da su kana tafiya tun kafin ranar. A wata biyun nan ne kayan suka fi ƙarfin wuyanka.

Na yi shekara 31 ina aikin jinya, 14 daga ciki a sashen haɗari da gaggawa. Har yau ina tuna mace ta farko da ta cika a hannuna, ina tuna launin zanen da aka lulluɓo ta da shi. Saboda haka in ka ce kana ganin fuskarsa, na san abin da kake nufi. Amma akwai abin da ya kamata a ce an zaunar da kai an gaya maka a daren nan kafin ka tafi gida. Ko a ƙasashen da motar asibiti ke isowa cikin 'yan mintuna da cikakkun kayan aiki, cikin mutum goma da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, kusan ɗaya ne kawai yake tashi ya koma gida. In kuwa zubar jini ce ta tsayar da zuciyar, kamar yadda yakan faru bayan mota ta kaɗe mutum, abin ya fi haka wuya nesa ba kusa ba. Danna ƙirji jinin da ke cikin jijiyoyi yake turawa. In jinin ya riga ya tsiyaye cikin ciki ko ƙirji, babu abin turawa. Ƙwaƙwalwa kuma tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 da yankewar iska. Yaron da ya yi awa guda a hanya, ba a hannunka aka rasa shi ba. Kai ka tarar da ƙarshen lamarin ne, ka kuma yi abin da aka koya maka har likita ya ce a tsaya.

A duk wasiƙarka, maganar da ta fi tayar min da hankali ita ce "ban gaya wa kowa ba". Wannan satin ka nemi ɗan ajinku da kuka yi karɓa-karɓa, ka tambaye shi yadda yake kwana. Ina kyautata zaton shi ma yana ɗauke da irin naka, yana jiran wanda zai fara magana. Ka je wurin likitan da ya ce ku bari, ko babbar nas ɗin da ke aiki a ranar, ka ce: "Ranka ya daɗe, ina so in fahimci abin da ya faru da yaron nan." Mafi yawan manyan ma'aikata suna jin daɗin wannan tambaya daga ɗalibi. Sannan tunda abin ya haura wata guda bai sake ka ba, ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Na san abin da mutane ke cewa game da asibitin Barnawa a Kaduna, ko na Dawanau a Kano, ko na Kware a Sakkwato, kamar sai wanda ya tuɓe riga a kasuwa ake kaiwa. Ba haka ba ne. Rashin barci da dawowar hoton abin da aka gani a ido ciwo ne sananne, yana da magani, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen da ke duba shi. Ka riƙe addu'a da karatun Alƙur'ani, ka haɗa da ganin likita. Abin da nake roƙonka ka nisanta shi ne ƙwayar barci ko taramol da wani zai miƙo maka ya ce za ta taimaka. Na ga ma'aikata masu hazaƙa da suka bi ta nan, ba su dawo daidai ba.

Yanzu mu koma kan awar nan da aka yi kafin a iso da shi, domin amsar tambayarka tana cikinta.

Mu da muke tsaye a ƙofar sashen gaggawa, abin da aka miƙo mana shi muke karɓa. An kawo mana mutane a but ɗin mota, a bayan a-kori-kura tsakanin buhunan hatsi, a kan babur an sa mai rauni a tsakiya kansa yana lilo. An kawo wanda ya suma aka ɗura masa ruwa don tausayi, ruwan ya tafi huhu. An kawo wanda wuta ta ƙona an shafe shi da manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki, da wanda kububuwa ta sara aka tsattsaga wurin da reza, aka ɗaure ƙafar da roba har ta yi baƙi. Duk masu yin haka mutanen kirki ne, da gudu suka zo taimako. Babu wanda ya taɓa nuna musu yadda ake yi.

Akwai wani ɗan acaɓa da ban manta da shi ba, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Waɗanda suka kawo shi sun ce a bakin titi yana magana, yana motsa ƙafafunsa, yana cewa wuyansa ne ke ciwo. Suka kama shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, suka naɗe shi a kujerar bayan tasi. Da ya iso wurinmu, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, laka tana bi ta tsakiyarsu. Ƙashin da ya tsage wajen faɗuwa, ya goce wajen ɗauka. Da an sami mutum ɗaya a wurin da zai durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu, ya ce kowa ya dakata, a samo ko da ƙyauren ƙofa ne a kwantar da shi a miƙe, mai yiwuwa da ƙafarsa zai fita daga asibitin. Mun yi watanni muna jinyarsa. Muna da ƙwararrun likitoci, amma babu ɗayansu da zai iya komawa bakin titin ya gyara ɗaukar nan. Matarsa takan zauna a bakin gado tana yi masa fifita, ni kuma in na wuce ba na iya haɗa ido da ita.

Mutum ɗayan nan da babu shi a wurin, shi kake karatun zama. Shekaru na yi ina fatan a ce akwai shi.

Kuma ba ƙaramin giɓi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato sa'o'inka da sa'o'in ƙanenka. Ka tuna daren 15 ga Oktoba 2024 a Majiya, Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, da tankar mai ta kama da wuta, fiye da mutum 150 suka rasu, aka riƙa kwasar waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da na Kano. A dare irin wannan, motoci kaɗan ne, masu rauni da yawa, dole wani ya tsaya cikin hayaƙi da kururuwa ya tantance wa za a fara ɗauka, wa zai iya jira. Wannan ma ilimi ne, kuma a ajinku ake koyar da shi.

Abokanka da ke ce maka direban motar gawa, abin da suka saba gani suke faɗa. A garuruwanmu, motar asibiti ta fi zuwa unguwa ranar da ta kawo gawa, shi ya sa jiniyarta ke sa gaban mutane faɗuwa. Ba mu kaɗai muka bi ta nan ba. A Amurka, har cikin shekarun 1960, kusan rabin aikin ɗaukar masu rauni masu sana'ar binne gawa ne suke yi, don motarsu ce mutum zai iya kwanciya a ciki a miƙe. A 1967 a birnin Pittsburgh aka kafa ƙungiyar Freedom House, aka ɗebo baƙaƙen fata daga wata unguwar talakawa, da yawansu ba su da aikin yi, likita Peter Safar ya koya musu buɗe hanyar numfashi da farfaɗo da zuciya da sa ƙarin ruwa a cikin mota tana tafiya. An raina su, an yi musu dariya, a 1975 ma hukumar birnin ta karɓe aikin ta rufe ƙungiyar. Amma tsarin horon da aka gwada a kansu shi ya zama tushen na ƙasar baki ɗaya. Kuna tsaye a irin matsayinsu ne: kun shigo sana'ar tun kafin jama'a su san sunanta. Masu tsokana kuwa, kada ka ɓata bakinka a kansu. Ranar da ɗan wani daga cikinsu ya shaƙe da gyaɗa, ƙofarku zai fara bugawa.

Mahaifinka daban ne, kada ka haɗa shi da su. Mutumin da ke cire kuɗi daga jarin shagonsa duk zangon karatu bai raina ka ba. Yana tambayarka ne da kalmomin da ya sani, likita da nas, domin yana so ya san ko za ka ci abinci, kuma yana so ya sami abin faɗa in an tambaye shi a majalisa. Amsar "ba ko ɗaya" ta bar shi hannu babu komai. Ka samu lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan Isha'i, ka durƙusa ka ce: "Baba, likita a asibiti yake jiran mara lafiya. Ni nake zuwa inda mutum ya faɗi, in tsayar da jini, in buɗe masa numfashi, in kai shi hannun likita da ransa in Allah ya yarda." Ka ba shi labarin Rufaida Al-Aslamiyya, sahabiyar da ta kafa tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina tana jinyar masu rauni, wadda a tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ. Ya san ayar Suratul Ma'ida da ta ce wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya; bai haɗa ta da karatunka ba ne kawai. Maganar jarrabawar da ka faɗi ma, in bai sani ba, ya ji daga bakinka tare da ranar da za ka sake zama. Sannan ka bari ya gani da idonsa, tunda gani ya kori ji. Ka aro na'urar awon jini, ka auna shi, ka auna abokan zamansa. Wanda ka ga nasa yana kai 140 bisa 90 ko fiye sau biyu sau uku, ka ce masa ya je asibiti. Ka koya wa mahaifiyarka da 'yan'uwanka mata yadda ake kifa jariri a kan hannu a bubbuga bayansa sau 5 in ya shaƙe.

Ka tambaye ni yadda za ka dawo da ƙwazonka. Gaskiya ita ce ɗokin shekarar farko ba zai dawo yadda yake ba. Ɗoki wutar kara ne, yana tashi sama ya haskaka ko'ina, yana kuma saurin mutuwa. Duk wanda na sani da ya daɗe a aikin nan, da garwashi ya yi girkinsa. Akwai daruruwan safiyoyi da na tashi ba na marmarin asibiti ko kaɗan, na sa farin kaya na tafi domin lokacin karɓar aiki ya yi kuma akwai wadda ta kwana a tsaye tana jirana. In ka ce sai ranar da zuciyarka ta so za ka buɗe littafi, shaiɗan da gajiya za su tabbatar ranar ba ta zo ba. Ka yanke lokaci ƙarami wanda ba ya canzawa: minti 40 bayan sallar Asuba, kafin ka taɓa waya. Kada ka ce awa huɗu, ba za ka riƙe ba, kuma ranar da ka kasa sai ka ƙara tsanar kanka. Yau da gobe ce ke sa allura ta gina rijiya.

Darasin da ka faɗi kuwa, ina zaton haddar sunayen Latin ka yi ta yi kamar mai haddar lambobin waya. Ka canza hanya. Da farko ka je wurin malamin ka roƙi ya nuna maka inda ka zubar da maki. Bayan nan ka mayar da littafin kan jikinka. Ka nemo bugun jijiya a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa, ka nemo na wuya, ka nemo na matsematsi, wanda in wuƙa ko ƙarfe ya yanke jijiyarsa mutum zai iya ƙarewa cikin 'yan mintuna, tunda jinin babban mutum duka kusan lita 5 ne. Ka ƙirga haƙarƙarinka, 12 a kowane gefe. Hanta tana ƙarƙashin na dama, saifa tana ƙarƙashin na hagu. In kan babur ya daki mutum a haƙarƙarin hagu na ƙasa, saifa tana iya fashewa, jini ya riƙa zuba a ciki alhali a waje ko ƙwarzane babu. Sai dai ka ga bugun zuciya yana ƙaruwa, fata ta yi sanyi da gumi, yana roƙon ruwa. Wanda bai san inda saifa take ba zai ce ai da sauƙi, a kai shi gida. Ka ga amfanin darasin ke nan. Ka je mahauta da sassafe ka sayi zuciyar rago ko ta saniya, ku yanka ta da abokan karatunka, ɗakuna huɗu gare ta kamar tamu. Ka roƙi mahaucin ya nuna maka huhu da maƙogwaro a haɗe kafin ya raba. Abin da ka riƙe a hannunka da wuya ya ɓace maka a ɗakin jarrabawa.

Ku haɗu ku uku, kada ku wuce haka, in an yi yawa hira ake yi. Kowa ya ɗauki babi ya bayyana wa sauran da Hausa. Abin da ka kasa bayyana wa ƙanenka da Hausa, ba ka gane shi ba tukuna. Akwai kuma lambobin da a hannu ya kamata su zauna: danna ƙirji 30 hura iska 2, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babban mutum, bugun zuciyar babba mai lafiya 60 zuwa 100 a minti, numfashinsa 12 zuwa 20, ma'aunin Glasgow na farkawar mai rauni daga 3 zuwa 15. Ka yi ta maimaita su a kan mutum-mutumin makaranta har hannunka ya riƙa yi ba tare da ya jira ka ba, domin ranar da abin ya faru, tsoro yana ɗauke tunani, abin da hannu ya saba shi ke saura. Ka kuma sayi ƙaramin littafi, duk mara lafiyan da ka taɓa ka rubuta layi uku ba tare da sunansa ba: abin da na gani, abin da na yi, abin da zan gyara. Ranar da gwiwa ta yi sanyi ka buɗe shafukan farko, ka ga abin da wata shida baya yake ba ka tsoro, yau kana yinsa kana magana da mara lafiya.

Kada kuma ka jira takardar gamawa kafin karatunka ya amfani wani. Ƙungiyar Red Cross tana da reshe a jiharku. 'Yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanu su ne a bakin aiki a filin Idi da wurin tafsiri da hawan Sallah, kuma suna maraba da wanda ya san abin da yake yi. Ka je tashar 'yan acaɓa da masu Keke Napep na unguwarku, ka fara da shugabansu, ka roƙi minti goma ka koya musu abu uku kacal: kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa, a riƙe kai da wuya kafin a ɗaga mai rauni, a danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta kada a saki. Mutanen tasha suna karɓar irin wannan. A jihohin Arewa da dama, har da Katsina, an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa, kuma sun yi. Su ne suke fara isa wurin haɗari kafin kowace mota mai jiniya. Yaro na gaba da za a kawo a Keke, wataƙila wanda ka koya wa ne zai ɗauko shi.

Maganar aiki, ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Sana'ar sabuwa ce a ƙasar nan, gurabenta ba su kai na nas ba, kuma zaman da ka ga na gabanku suna yi gaskiya ne. Amma ga abin da ke ƙasa. Legas tana da tsarin motocin agajinta, LASAMBUS, tun 2001. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya a matakin farko domin wannan agaji. A 2017 aka yi dokar da ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A Oktoban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin NEMSAS na agajin gaggawa da motocin asibiti a Abuja, yana kuma shiga jihohi. Akwai lambar gaggawa ta 112, akwai 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra wadda aka kafa a 1988, ita ma tana da motocin agaji a manyan hanyoyi. Tafiyar tana jan ƙafa, amma duk motar da aka saya tana buƙatar wanda zai zauna a bayanta kusa da mara lafiya. Ban da gwamnati, akwai soja, da asibitoci masu zaman kansu, da kamfanonin mai da na gine-gine, da ƙungiyoyin jinƙai da ke aiki a Arewa maso Gabas.

Maimakon zama da waɗanda ba su sami aiki ba kuna jajanta wa juna, ka nemo mutum biyu daga cikin waɗanda suka samu, ka tambaye su ta ina suka bi, wace takarda aka nema. Ka tabbatar kwas ɗinku yana da amincewar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha mai hedikwata a Kaduna, domin da ita za ka ci gaba zuwa babbar difiloma. Ka tara kuɗi ka yi kwas ɗin ceton rai na BLS, wanda takardarsa ake sabuntawa duk shekara 2. Ka kuma koyi tuƙi ka yi lasisi na gaskiya. Faramedik da ya iya jan motar in ta kama ya fi wanda bai iya ba daraja a wurin mai ɗaukar aiki. Abu guda nake ja maka kunne a kai: in zaman jira ya yi tsawo, za a zo a ce ka buɗe ɗan shago kana allura da ƙarin ruwa, mutanen unguwa su riƙa ce maka dakta. Kuɗin yana shigowa da sauri, sunan yana da daɗi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma da yawa daga waɗanda aka kawo mana a makare daga irin waɗannan shaguna aka ɗauko su.

Ko hanyarka ce? Akwai waɗanda ba tasu ba ce, kuma barin ta ba abin kunya ba ne. In ka ga likita, barci ya dawo, ka sake zama jarrabawa, amma har yanzu ƙafarka ba ta iya shiga sashen gaggawa, to sai ka zauna da mahaifinka da wani malaminka ku duba wani fannin lafiya da karatunka zai yi amfani a ciki. Amma ba a yanke irin wannan hukunci da idon da ya yi wata biyu bai yi barci ba, kuma saura 'yan watanni ka gama difilomar. Abin da na gani a wasiƙarka shi ne ɗalibin da ya lura da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a iso da yaro, alhali yana cikin ruɗani. Ba kowane ɗalibi ne yake duba agogo a irin wannan lokaci ba.

Ka fara da ɗan ajin nan naka gobe in Allah ya kai mu, likitan kuma kafin Juma'a. Bayan ka sake zama jarrabawar ka rubuto min, ka gaya min yadda barcinka yake da abin da Baba ya ce. Ka gaishe min da shi da mahaifiyarka.